Ɗan Jagora a Gonakin Indiyana

Batir takwas ne a jakar hannuna, kowanne na liƙe masa baki da salatif, na jera su cikin wata 'yar jaka wadda ba ta kama wuta. Ma'aikaciyar bincike a filin jirgi ta zaro ɗaya ta jujjuya shi, ta ce na mene ne. Na ce na ɗan jirgi ne maras matuƙi. Ta ce ƙarfinsa nawa. Dama na san za a zo nan, shi ya sa na manna takarda a jikin kowanne: bolt 22.2, amfiya-awa 1.3, in aka ninka ya ba da wat-awa 29 saura ƙiris. Ƙa'idar jiragen fasinja ita ce batirin litiyom da ba a cikin na'ura yake ba dole ya zauna a hannunka, ba a cikin akwatin da za a tura ƙarƙashin jirgi ba, saboda in ya kama da wuta a inda mutane suke za a gani a kashe. Wanda bai haura wat-awa 100 ba ba ya buƙatar izinin kamfanin jirgi. Tun kwana biyu kafin tafiya na rage musu caji zuwa bolt 3.8 a kowace ƙwaya, don cikakken batir ya fi saurin fushi. Ta mayar, ta zuge jakar, ta miƙo mini. Haka na hau jirgin Shikago ta Amurka.

Ga wanda bai san harkar ba, jirgina irin wanda ake kira FPV ne, ba irin jirgin nan ba ne da ake tsayarwa a sama yana ɗaukar hoto kana kallon waya. Kyamara ce a goshin jirgin, ita ke turo hoto kai tsaye zuwa wani tabarau da ka ɗaure a fuska, ya rufe maka ido ruf. Abin da jirgin ya gani shi kake gani. In ya kife, duniya ta kife. Nawa mai farfela huɗu ne masu faɗin inci biyar, ni na haɗa shi da hannuna, nauyinsa da batir ya kusa giram 700, kuma in na sake masa mara yana wuce kilomita 120 a awa. Batir ɗaya minti huɗu yake yi. Saboda wannan minti huɗun mutum zai kwana yana ƙona yatsa da dalma.

Yayana ne ya gayyace ni, shi ma wannan ciwon ke damunsa, kuma ya daɗe a Amurka. Tun saura wata guda ya fara damuna da saƙo. In yi rajista da FAA, hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, domin duk jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa, baƙo ma bai tsira ba. Dala 5 ce, tana aiki shekara uku, kuma lambar da aka ba ka sai ka rubuta ta a jikin jirgin ta waje inda ido zai gani. In zauna jarrabawar TRUST, wadda aka fito da ita a 2021 domin masu tashin nishaɗi. Na yi ta gunaguni. Da na zauna sai na tarar kyauta ce, a intanet, kuma ba a faɗuwa: in ka ba da amsar da ba daidai ba sai ta nuna maka kuskurenka ka sake. Na kira shi na ce, "Yaya, jarrabawar da ba a faɗuwa ai ba jarrabawa ba ce." Ya ce, "Ba don a kayar da kai aka yi ta ba, don kar gobe ka ce ba a gaya maka ba. Ka buga takardar ka sa a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Washegarin saukata muka ɗauki hanyar kudu, a watan Yuli. Da Shikago ta ɓace a madubi sai ƙasa ta baje, ba tudu ba kwari, masara a dama waken soya a hagu har iyakar gani. Kafin garin Lafayette, babbar hanya mai lamba 65 ta ratsa tsakiyar dogayen injinan iska masu samar da lantarki, ɗaruruwa, suna juya hannuwansu a hankali kamar ba su da wata damuwa a duniya. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce ya tsaya minti biyar kawai in zagaya guda ɗaya. Ko kallona bai yi ba. Ya ce gonar ta wani ce, injin na wani ne, ga manyan motoci suna wucewa a ƙasa, kuma jirgina ba shi da na'urar shelar kansa. Tun Satumbar 2023 dokar da suke kira Remote ID ta hau kan matuƙa: jirgin da ake wa rajista dole ya riƙa watsa lambarsa da inda yake yayin da yake sama, sai fa in a filin da FAA ta amince da shi ake tashi, irin wanda ake kira FRIA. Filin da za mu je yana cikinsu, shi ya sa bai matsa mini in saya ba. Na yi shiru ina kallon injinan suna wucewa. A wani wuri a hanya agogon waya ya yi tsalle da awa ɗaya, mun shiga lokacin gabashin ƙasar.

Muncie, inda muka nufa a jihar Indiyana, ba babban gari ba ne, amma duk mai wasa da ƙananan jirage a Amurka ya san sunansa. Nan ne hedikwatar AMA, ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa tun 1936, da filinta mai faɗin sama da eka 1,000 da gidan tarihinta. Na shiga gidan tarihin da niyyar leƙawa in fito, sai na shafe awa biyu. Jirage ne rataye a rufi, na katako mara nauyi da takarda waɗanda roba ke juya musu farfela, na igiya da matuƙi ke tsayawa a tsakiya yana juyawa da su, da na rediyo na farko-farko masu akwatin sarrafawa kamar akwatin kafinta.

Wanda ya tsayar da ni wani ne da ba shi da wani kyan gani. Sunansa TAM 5, Maynard Hill ne ya ƙera shi. A watan Agustan 2003 ya tashi daga Newfoundland a Kanada ya sauka a gaɓar Ailan, kimanin kilomita 3,000 a kan tekun Atlantika cikin awa 38 da ɗoriya, alhali duk nauyinsa har da mai bai wuce kilo 5 ba. Hill yana da shekara 77 a lokacin, idonsa ya riga ya yi rauni har doka ta lissafa shi cikin makafi, kunnensa ma ya yi nauyi. Da jirgin ya iso Ailan, wani matuƙi ne da ke tsaye a can ya hango shi, ya karɓi ragama ya sauke shi. Na daɗe a gaban jirgin nan ina lissafin yadda mutum zai tura aikin hannunsa inda idonsa ba zai kai ba, ya dogara da idon wani a ɗaya gefen teku. A lokacin labari ne kawai mai daɗi. Ban san gobe zai dawo mini ba.

Filin da muka je da safe na wani ƙaramin kulob ne a bayan gari, ciyawa ce da aka aske ƙasa-ƙasa, masara ta kewaye ta ta gefe uku, ta fi ni tsayi. Akwai rumfa, da teburan gyara, da wata igiya da aka ja wadda ba a tsallakawa in jirgi na sama. Mutum goma sha wani abu. Wani dattijo mai farin gemu da hular rana shi ne mai kula da tsaro a ranar. Ya karɓi takarduna ya duba, ya ɗaga jirgina ya nemi lambar, sannan ya ce in cire farfela duka huɗu in kunna masa. Da injuna suka fara juyawa ya ce in kashe rimot. Na kashe, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu suka tsaya cak. Ya gyaɗa kai. Abin da yake son gani ke nan: in sadarwa ta yanke jirgin ya faɗi inda yake, kar ya ci gaba da gudu ba mai riƙe da shi.

Sai ya nuna mini allo. Hoton da jiragen nan ke turowa a zangon gigahaz 5.8 yake tafiya, kuma zangon da 'yan tsere ke amfani da shi an raba shi tasha takwas, daga 5658 zuwa 5917, tazarar megahaz 37 tsakanin kowace biyu. Kowa ya rubuta sunansa a gaban tasharsa, kowa ya rage ƙarfin watsawa zuwa miliwat 25. Yawancin na'urorin watsa hoton nan ba su da shaidar da ke halatta amfani da su haka kawai a Amurka, sai da lasisin rediyo na masu sha'awa daga FCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar. Yaya ya zauna wannan jarrabawar tuntuni, ni a ƙarƙashin nasa zan tashi yana tsaye kusa da ni. Dattijon ya rufe da magana ɗaya, har sau biyu ya faɗe ta: in akwai jirgi a sama, kar ka jona batir sai ka tambaya.

Na ji. Wallahi na ji. Amma bayan kamar rabin awa, ina zaune a tebur ina mayar da farfela, sai na tuna ban duba ko kyamarata ta karkace a hanya ba. Ban yi tunanin komai ba, hannu ne ya yi aikin da ya saba. Na jona batir, jirgin ya yi ɗan kiɗansa na farkawa. Sai na ji ihu daga layin matuƙa: "Hotona! Wa ya jona?" Wani saurayi ne, bai fi shekara goma sha shida ba, ya fizge tabarau daga fuska yana waige-waige. Can cikin masara muka ji wani tas.

Ga abin da ya faru. Na'urata tana kan miliwat 800 tun tashina na ƙarshe kafin tafiya, kuma a kan tashar da ke maƙwabtaka da tasa. Jirginsa yana can nesa yana raɗa da miliwat 25, nawa yana taku goma daga kansa yana kururuwa. Eriyar tabaransa ta kama mai ƙarfin. Maimakon sama da layukan masara, sai ya ga ɗigo-ɗigo fari da baƙi kamar tsohuwar talabijin da ta rasa tasha, sannan ya ga teburina da gwiwata. Yaron ya yi abin da aka koya masa, ya kashe injuna nan take ya bar jirgin ya faɗi.

Na zare batir, jikina ya yi sanyi. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Muka shiga masara mu biyar, a jere, bayan dattijon ya ce manomin ya yarda a shiga neman jirgi muddin ba a karya kara ba. Wanda bai taɓa shiga gonar masara a Yuli ba ba zai gane ba: zafi ne mai ɗanshi, ganyen yana yankar hannu da wuya, taku uku ka daina ganin na kusa da kai. Yaron yana riƙe da rimot yana danna makunnin ƙara, mu kuwa muna tsayawa muna kasa kunne. Minti arba'in kafin muka ji tsit-tsit ɗinsa a gindin wani kara. Farfela biyu sun karye, eriya ta tsinke. Na ba shi haƙuri har ya fara jin kunya, na ɗauko nawa kayan gyaran na ba shi. Yaya dai bai ce uffan ba, kallon da ya yi mini ya isa.

Dattijon ya kira ni gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka ce in tattara in tafi ba ka zalunce ni ba." Ya yi dariya ya ce shi ma ya taɓa yi, kowa a filin nan ya taɓa yi sau ɗaya. Amma kafin in tashi, sai na tsaya wa mutum uku a matsayin mai sa ido.

Wannan aikin na daɗe ina raina shi. Dokar Amurka ta ce mai tashin nishaɗi dole jirginsa ya kasance inda ido ke ganinsa, ko idonsa ko na wani da ke tsaye tare da shi suna jin maganar juna. Mai tabarau ba ya ganin jirginsa, daga cikinsa yake kallo, don haka ba makawa sai da na biyu. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ma haka suke buƙata. Da ina ɗaukar abin a matsayin ƙa'idar mutanen ofis waɗanda ba su taɓa riƙe rimot ba. Da na tsaya a kafaɗar mutum na farko sai na ga abin da ban taɓa gani ba, don kullum ni ne a ciki. Mutum ne zaune a kujera, kansa a sunkuye, bakinsa a ɗan buɗe, jikinsa yana karkata hagu da dama shi kaɗai. Kare zai iya shinshinar ƙafarsa bai sani ba. Kyamararsa gaba kawai take gani, ba ta ganin sama, ba ta ganin baya, wayar lantarki kuwa sai ta zo dab. Makaho ne mai gudun kilomita ɗari, ni ne ɗan jagoransa.

Kuma aikin ba sauƙi. Jirgin da bai fi faranti ba, in ya yi nisan mita 200 ɗigo ne, in ka ƙifta ido ya shige cikin duhun itatuwa. Sai ka riƙa raba ido, rabi a kansa, rabi a sararin sama, kana kuma lura da igiya kar wani ya tsallaka.

A kan mutum na uku ne, yaron da na kayar wa jirgi, shi da kansa ya ce ni yake so. Ya hau sama sosai, ƙasa da ƙafa 400 da doka ta iyakance, wajen mita 120 ke nan, yana shirin sulmiyowa. Sai na ji wani gurnani daga yamma, mai kauri, ba irin zizar jiragenmu ba. Na juya ban ga komai ba sai masara. Sai ga shi ya ɓullo daga bayan layin itatuwa, jirgin feshi ne ruwan ɗorawa, ƙasa-ƙasa har ina ganin kan matuƙin. Lokacin feshin masara ne, su kuwa aikinsu ke nan, a ƙasan tsayin da mu muke ɗauka namu ne. Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Jirgi! Hagunka, ƙasa-ƙasa! Sauka yanzu!" Sauran masu sa ido suka ɗauka. Yaron bai tambayi komai ba, bai ɗaga tabarau ya tabbatar ba, ya yanke mai ya zubo kamar dutse, ya tare shi dab da ciyawa ya ajiye. Cikin daƙiƙa kaɗan babu ko ɗaya a sama. Jirgin feshin ya yi kwana a kan gonar da ke gaba da mu, ya sake dawowa, ya sake.

Gaskiya ba su kusa haɗuwa ba, akwai tazara mai yawa. Amma yaron ya ce a tabaransa bai ga ko inuwarsa ba, ƙarar ma ya ɗauka mota ce a hanya. Muka zauna a rumfa kusan awa guda muna jiran mai feshi ya gama, don doka ba ta da wata kwana a nan: jirgi mai mutum a ciki shi ke da hanya. A zaman ne hira ta kai ga abin da ya faru a Janairun 2025, lokacin gobarar Los Angeles, da wani jirgi maras matuƙi ya bugi jirgin kashe gobara da aka kawo daga Kanada ya huda masa fiffike, aka ajiye shi kwanaki ana gyara wuta na ci. Wani ya tuno filin jirgin Gatwick na Ingila a Disambar 2018, inda rahoton ganin irin jiragen nan ya rufe filin jirgi, ya shafi tashi da sauka kusan 1,000. Dattijon ya ce duk lokacin da irin wannan ta faru, su ne masu bin layi ake ƙara wa takarda. Ba ya son dokar shelar lamba, ya faɗa ƙarara, yana ganin an ɗora wa mai wasa a gonar masara nauyin da bai kamata ba. Ni ma a nan ina tare da shi. Amma ya ce gara ya yi faɗa da doka a takarda da ya yi da ita a sama.

Sai da rana ta karkata na samu tashi. Na sauke ƙarfi zuwa miliwat 25, na rubuta sunana a allo, na ɗaga murya na tambaya ko in jona, aka ce jona. Yaya ya tsaya a damana, yaron a haguna. Na ja tabarau. Daga sama, masarar da ta yanke ni da safe ta zama layuka madaidaita kamar an taje ta, hasken yamma yana gudu a kansu. Na bi layi ɗaya har ƙarshen fili, na mirgina, na dawo ta tsakanin tutoci biyu. Duk tsawon lokacin muryar Yaya tana kunnena, a hankali: sama ba komai, ka yi nisa dawo kaɗan, akwai mutum a bakin igiya. Na saba tashi cikin shiru, ina jin bugun zuciyata. Wannan karon na lura kafaɗuna ba su ɗaure ba. Batir shida na ƙona, na bakwai na daki tuta na karya farfela, aka yi mini tafi.

A hanyar komawa muka ratse ta Indiana Dunes, tuddan yashi a bakin Tafkin Mishigan, waɗanda aka mayar gandun ƙasa a 2019. Wuri ne da duk mai FPV zai yi mafarkinsa: yashi ya gangaro daga sama ya faɗa cikin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Tun 2014 hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ta hana tashi ko saukar da irin jiragenmu a wurarenta. Yaya ya kashe mota ya dube ni yana jira. Na ce ai na sani. Jirgin ya zauna a but.

Muka hau tudun da ƙafa, yashi yana cika takalmi, taku biyu gaba ɗaya baya. A sama iska ta buge mu. Can ƙetaren ruwa dogayen gine-ginen Shikago sun fito dishi-dishi kamar an zana su da toka. Wani tsuntsun ruwa ya taso daga ƙasa, ya bi gangaren yashin ya miƙe a kan tafki ba tare da ya kaɗa fiffike ba. Yaya ya taɓa ni ya nuna hannuna. Manyan yatsuna biyu suna motsi a iska, suna bin sa.